Sunayen da Suke Kallon Bango

Ranar Litinin ɗin makon jiya masu filazar Zarbaf suka fasa kwaɗon gidan gem ɗin Ustad Dilmurad, inda yara ke saka kwandala su yi wasa da inji. Suka kira 'yan gwangwan suka kwashe injunansa biyar. Allonsa kuma suka shafe masa fuska da jan fenti, suka ɗaure shi da kusoshi a bangon ƙofar wurin ajiye motoci, an rubuta BA WURI a kai. A ranar shi yana kwance a asibiti da auduga a idon hagu, an cire masa yana. Sun san yana can, don ni da bakina na gaya wa manaja.

Ni ce Nighat, mai gyaran waya a hawa na biyu, kusa da mai ɗinkin labule. Duk wanda ya taɓa kawo min wayar da ta faɗa ruwa ya san ba na kwana-kwana. Injunan ba zan ja magana a kansu ba. Sun tsufa, biyu ma ba sa tashi, kuma Ustad da kansa ya ce ƙarshen wata zai miƙa makulli. Allon nake magana a kai. Amma kafin in faɗi abin da nake so, sai an san mutumin da aka yi wa haka, don na lura yaran da ke ofis yanzu "tsohon nan na ƙasa" suke ce masa.

Ɗan Liyari ne. Ya yi shekara goma sha biyu yana gyaran rediyo da fitilu a jiragen ruwan da ke tsayawa a tashar Karachi. Shekarar 1993 aka buɗe filazar nan, ita ce ta farko a unguwarmu mai matakala da ke tafiya da kanta, har daga Korangi mutane suke zuwa su hau su sauka su koma gida. Tsohon mai ginin, Allah ya jiƙansa, ya yi odar injunan gem ashirin da biyu na hannu daga ƙasar waje. Da aka buɗe kwantenar, bakwai ne suka kama. Wani ya ce masa akwai wani ɗan ƙabilar Balochi a tashar jirgi da ba a taɓa kai masa abu ya dawo a mace ba. Cikin wata ɗaya Dilmurad ya tayar da goma sha tara. Tsohon ya miƙa masa makullin babban ɗakin hawa na ɗaya, wanda ke kallon famfon ado, ya ce, "Kai suka sani, kai za ka zauna da su."

Wanda bai ga wurin nan a lokacin ba zai ɗauka ƙari nake yi. Tun daga titi kake jin ƙarar injuna. Ranar idi layi sai ya sauko matakala ya kai wajen mai samosa. Samari suna hawa bas biyu daga Nazimabad don su saka kwandalar tagulla ɗaya su yi dambe da wani a cikin gilashi. Iyaye suna zuwa suna fitar da 'ya'yansu riƙe da kunne, wani uban ma in ya kora ɗan gida sai ya dawo ya tsaya kallo. Dokokin Ustad uku ne: ba a tofa yawun taba a ƙasa, ba a dukan inji, kuma da rigar makaranta a lokacin makaranta ko ɗan gwamna ne ba ya shiga.

Matsalarsa ɗaya, wuta. Kun san halinta a garin nan. Kafin janareta ya tashi ana ɗaukar minti ɗaya, kuma a cikin mintin nan kowane inji yana mance duk makin da aka ci a kansa. Yaro ya kwashe wata biyu yana fama ya hau sama, fitila ta yi ƙifta, shi ke nan kamar bai taɓa zuwa ba. Wata rana biyu suka kaure da faɗa a kan wa ya fi maki a injin tseren mota, ɗaya ya tafi gida ba haƙorin gaba. Washegari Ustad ya zo da ƙyauren ƙofar wani tsohon jirgin ruwa a kan amalanken jaki. Katako ne mai nauyi, ya shafe shi da kore, ya rataye a bango.

Ga yadda yake yi. In ka ci makin da ya fi na kowa, ka kira shi da shaidu biyu kafin ka saki inji. Zai rubuta sunanka da alli. In aka yi kwana arba'in ba wanda ya kayar da kai, sai ya ɗauko ɗan siririn buroshi da farin fenti, ya rubuta cikakken sunanka da unguwarku da makin. Fenti ba a gogewa. Ko an wuce ka daga baya, sai dai a rubuta sabon a ƙasanka. Na ga ƙaton saurayi mai gemu yana ƙirga kwanaki a yatsa kamar mai jiran haihuwa.

Mu 'yan mata da safe muke karatu, a tashe mu sha biyu da rabi, maza su shiga ƙarfe ɗaya a ajujuwanmu. Saboda haka daga ɗaya zuwa uku gidan gem kusan fayau yake. Ina shekara goma sha huɗu Ammi, mahaifiyata, ta aike ni sayen zare, na tafi da ƙawata Shagufta. Muka tsaya a bakin ƙofar muna leƙe. Ustad yana zaune da kofin shayinsa, bai ko ɗago ba ya ce, "Kallo kyauta ne, amma kun tare min iska. Ko ciki ko waje."

Shagufta ta ce, "Ai mata ba sa yi."

"Wa ya ce? Injin bai san mace ba. Je ki tambaye shi ki ji."

Ya ajiye kwandala biyu a kan teburi. Sannan ya ɗauki kujerarsa ya fita waje, ya ja ƙofar ƙarfen ta sauko rabi, ya zauna a gabanta. Duk namijin da ya zo sai mu ji ya ce, "Ana gyara, dawo ƙarfe uku." Haka ya yi shekara da shekaru. Bai taɓa zama a ciki muna ciki ba sai mun kira shi. Daga mu biyu muka zama goma, muka zama ashirin, kowacce da aiken zarenta. Ina jin ba a taɓa sayen zare a Karachi kamar shekarun nan ba.

Ni injin jirgin yaƙi na kama, wanda ake harbin wasu ƙwari masu saukowa daga sama. A makaranta lissafi ya kayar da ni sau biyu, Abbu, mahaifina, ya ce kaina ba na karatu ba ne, in dai koyi girki. Amma a gaban injin nan na gane ƙwarin ba da ka suke saukowa ba, suna da tsari, kuma tsarin yana maimaita kansa. Cikin shekara ɗaya, wata Laraba, na wuce makin da ke saman allo. Dubu ɗari huɗu da goma sha takwas da ɗari shida. Na ce wa Shagufta ta kira shi.

Ya shigo ya duƙa ya karanta, ya sake karantawa. Ya ce, "Shaidu?" 'Yan mata shida suka ɗaga hannu. Ya ɗauki alli ya nufi allo. Sai a lokacin hankalina ya dawo.

"Ustad, kar ka rubuta. Yayana Bhai Parwez kullum yana nan. In ya gani Abbu ya ji."

Ya tsaya da alli a hannu. "To dokar allo fa? Wanda ya ci a rubuta shi."

"Ka bar shi kawai. Ni na san na ci."

"Yau kin sani. Nan da shekara goma ke da kanki za ki ce mafarki kika yi."

Ya kalli katakon. Sai ya ce mu kama masa. Muka sauke shi daga ƙugiya, ya juya shi, a bayansa ya rubuta sunana da na unguwarmu da makin. Muka mayar da shi yadda yake, sunana yana kallon bango. A fuskar kuma ya rubuta makin, a gefensa ya sa: Baƙo. Bayan kwana arba'in ya bi duka biyun da farin fenti. Tun daga ranar, da zarar ƙofa ta sauko rabi, abin da muke fara yi shi ne mu juya allo. Ƙarfe uku saura kwata mu mayar. Kuma doka ta huɗu ta shigo: ba a ɗaukar hoton bayan allo, ba a faɗin sunan da ke can a waje.

Yayana Parwez ya yi shekara biyu yana bin makin Baƙo. A kan tabarmar cin abinci yake zaginsa.

"Wallahi ba ɗan garin nan ba ne. An ce wani matuƙin jirgin ruwa ne ɗan Koriya."

Na ce, "Ƙila dai hannunka ne ba ya sauri, Bhai."

"Ke me kika sani? Miƙo min albasa."

Bhai Parwez, na san kana karanta duk abin da aka rubuta a kan unguwa daga can Sharja. Ni ce ɗan Koriyan. Dokar ta hana ni faɗin sunan wata, ba ta hana ni faɗin nawa ba.

Abin da ya fi wannan, wata rana madannin harbi ya maƙale, na ga ba zan jira ba, na cire ƙarfen kitsona na buɗe murfin. Ya shigo ya same ni da hannu a cikin wayoyi. Na ɗauka kora ce. Sai ya ce, "Wa ya gaya miki wannan ce ta saki?"

"Ita kaɗai ce take lilo."

"Gobe ki zo da tsumma, kar dalma ta ƙona miki riga."

Haka ya koya min riƙon ƙarfen narka dalma, da yadda ake bin waya har a kai inda wuta ta tsaya, da yadda ake shinshina inji a san abin da ya ƙone. Shagufta tana zaune a gefe tana cin gyaɗa tana cewa ba mai auren mace mai warin roba. An aure ni. Da mijina ya rasu a 2011 ya bar ni da yara biyu, dangi kowa ya zo da shawara, Ustad shi kaɗai ya zo da akwatin kayan aiki. Shi ya taka har ofis ya nema min lungun da nake ciki yanzu. Yarana da dalmar nan suka yi karatu. Ba ni da bakin da zan gode masa, kuma ko na fara sai ya ce shayinsa yana hucewa.

Yadda kasuwar ta mutu, a gabana aka yi. 'Ya'yan masu hali ne suka fara ɗaukewa, an saya musu nasu a gida suna haɗawa da talabijin. Sai shagunan kwamfuta suka buɗe a kowane lungu suka janye rabin sauran. A 2008 'ya'yan tsohon mai ginin suka ce hawa na ɗaya ya fi ƙarfin gem, suka ba masu takalma, aka mayar da shi hawa na uku. Bayan shekara biyar aka sauko da shi ƙarƙashin ƙasa, bango ɗaya da janareta. Duk ƙaura sai an bar wasu injuna a baya, shi kuma yana cire kayan cikin matattun yana raya masu rai. Allon kuwa shi yake ɗaukar gefe ɗaya da kansa. Daga nan waya ta zo ta ƙarasa aikin. In ya hau wajena shan shayi ya ga layin masu jiran gyara sai ya ce, "Ga likitar maƙiyana. Na koya miki aiki kina yi wa waɗanda suka kashe ni allura."

Na ce, "In kashe su ne, Ustad?"

"A'a, yi musu da kyau. Kar a ce ɗalibata ba ta iya ba."

Wata rana ina wajensa wani mai tumbi ya shigo da ɗansa. Sunan mutumin yana fuskar allo tun 1998, ya nuna wa yaron da yatsa yana ta ba shi labari. Aka saka wa yaron kwandala. Bai kalli sandar tuƙi ba, sai ya ɗora yatsa a kan gilashin yana ja. Ya juyo ya ce, "Abbu, ya lalace." Uban ya ji kunya. Ustad ya yi dariya har da tari, ya ce, "Bar shi, gaskiyarsa ce. Mu ne muka lalace, injin lafiyarsa lau."

Bai taɓa yin ƙorafi ba, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi. Sunan ƙarshe da ya sa wa fenti a fuska na 2014 ne. A baya kuwa sai 2017, wata likitar haƙori ta hawa na huɗu da take saukowa lokacin cin abinci. Ko da ba sauran namijin da za a ce wa ana gyara, sai da ya ja mata ƙofa rabi ya zauna a waje. Mu sittin da uku ne a bayan allon.

Shekara shida 'yarsa Zarnaz tana roƙonsa a cire masa yanar ido yana ƙi. Abin da ya sa ya yarda bana shi ne danshin ƙarƙashin ƙasa ya fara cin fentin baya. Yana so ya bi sunayen da buroshi kafin ya miƙa makulli ya tafi da allon gida, ga shi ba ya ganin bakin buroshin. Don sunayenmu ya kwanta aka sa masa wuƙa a ido. Kwana tara kawai ya nema ya warke ya dawo.

Da na ga allon a ƙofar motoci na hau ofis ban ko rufe shagona ba. Manaja Taukir yana cin biryani a kan takardu.

Ya ce, "Baji, babbar yaya, zauna mana. Katako ne fa."

"Katakon ubanka ne?"

"A yi magana a hankali. Duk abin da ke jikin bango na gini ne. Masu wurin motsa jiki suna son ɗakin da wuri, me zan yi?"

"Ka jira mutum ya fito daga asibiti."

"Na duba shi da kaina, sunayen yara ne na shekara talatin. Wa zai neme su?"

Bai duba ba. Da ya duba da ya juya shi. Na sauka wajen Gul Zaman mai gadin motoci, mutumin kirki ne, ya ce, "Baji, ni ba ruwana, amma ranar Alhamis ɗin mako mai zuwa mai fenti zai dawo. Za a kwance shi a rubuta AKWAI WURI a ɗaya gefen, a sa masa sarƙa in riƙa juyawa." Na roƙe shi ya kwance min na minti biyar, ya ce aikinsa ne zai tafi, kuma ban ga laifinsa ba. Na zura wayata ta tsakanin katakon da bango, karon farko da na karya dokar Ustad. Sunaye shida suka fito, dishi-dishi. Suna nan. Fentin bai taɓa su ba tukuna.

Ranar Asabar na je Liyari. Yana zaune a tsakar gida da baƙin tabarau, Zarnaz ta riga ta gaya masa. Mazan allon sun yi ta bugo masa waya, da yawansu suna da hoton fuskar, har wani ya ce zai buga masa babba ya kawo. Na ce masa baya fa?

Ya ce, "Bar su, 'yata. Kar ki ja wa kanki, a hannun masu ginin kike. Ai na san su a ka."

"To faɗo."

Ya gyara zama ya fara. Ni ce ta farko. Yana faɗin suna, da unguwa, da inji, wani lokaci har da makin. Zarnaz tana ƙirgawa a yatsa. Ya wuce ashirin ba gargada, ya wuce talatin yana ɗan tsayawa. A arba'in da ɗaya ya tsaya.

"Akwai wata mai tabarau, 'yar Liyakatabad. Da hagu take riƙe sanda. Injin mota."

Muka jira. Ni ma ban san ta ba, bayan zamanina ta zo.

"Ta yi kuka ranar da na sa mata fenti," in ji shi. Ya cire tabarau ya mayar. Sai ya ce wa Zarnaz shayin nan ba sukari. Akwai sukari, ni ma shi nake sha.

Idon ya buɗe. Likita ya ce yanzu yana iya zura zare a allura. Abin da aka buɗe idon don ya gani ne aka ɗaure a bango.

To, Taukir Sahib, da ku 'ya'yan mai ginin da ba kwa ɗaga waya. Ban ce ku dawo da injuna ba, ban ce ku hana masu motsa jiki ɗakinsu ba. Zamanin gem ya wuce, mun sani, shi ma ya sani. Fuskar allon kun riga kun ɓata, ku da Allah. Na sa kafinta ya yanko muku sabon katako daidai girman wancan, an rubuta BA WURI a gefe ɗaya, AKWAI WURI a ɗayan, har da sarƙarsa. Yana jingine a shagona, ku aiko a ɗauka. Ranar Alhamis ƙarfe tara na safe zan tsaya a ƙofar motoci da matan da na samu a waya, mu goma sha bakwai ne zuwa yanzu, har da likitar haƙori. Zarnaz za ta kawo mahaifinta. Ku kwance kusoshin nan huɗu kafin mai fenti ya buɗe gwangwaninsa, ku rufe bayan da zane kar kowa ya karanta, ku miƙa wa Ustad Dilmurad allonsa hannu da hannu. Kuma kai Taukir, kai za ka kama gefe ɗaya har cikin mota, don shi likita ya hana shi ɗaukar nauyi.